Ma'anar 192.168 Da Ke Cikin Wayarka, Da Yadda Ake Raba Hanyar Sadarwa Gida Biyu

A ɗauki mai shagon buga takardu a Dingyadi, ƙaramar hukumar Bodinga. Yana da rauta mai layin MTN, kwamfuta biyu da firinta, yana kuma sayar wa samari Wi-Fi. Duk na'urar da ta hau, rautar za ta ba ta adireshin IP, misali 192.168.0.23.

Lambobi huɗu ne, kowacce daga 0 zuwa 255, jimilla bit 32. Adireshi kusan biliyan 4.3 ke nan, kuma sun yi wa duniya kaɗan: hukumar IANA ta raba ragowar nata a Fabrairun 2011. Tun 1994 aka ware masu farawa da 192.168, da 10, da 172.16 zuwa 172.31 don amfanin cikin gida kawai.

A ƙarƙashin adireshin za ka ga 255.255.255.0, wato subnet mask. Abin da take cewa shi ne lambobi ukun farko sunan unguwa ne, ta ƙarshe lambar gida. Gidaje 256 ne, amma 0 sunan unguwar ce, 255 kuma ta shela ga kowa. Saura 254.

Ita rauta zaure ce mai ƙofa biyu. Ƙofar LAN tana kallon cikin gida, galibi 192.168.0.1, ta nan kowace waya ke fita. Ƙofar WAN tana kallon MTN, da adireshin da kamfanin ya ba ta. Da shi ake ganin duk mutanen shagon a waje.

Ga inda matsalar take. Kwamfutar da ke ɗauke da takardun NIN da hotunan jama'a tana unguwa ɗaya da wayar duk wanda ya biya kuɗin Wi-Fi. Idan aka mayar da mask ɗin 255.255.255.128, an ari bit ɗaya daga lambar gida, unguwar ta rabu biyu: 0 zuwa 127 na shago, 128 zuwa 255 na baƙi, kowanne da gurbi 126.

Sai dai rabon kaɗai ba katanga ba ne. Kowane ɓangare na buƙatar ƙofarsa a rauta, da dokar firewall mai hana ƙetarawa, in ba haka ba rautar da kanta za ta kai saƙo tsakaninsu, aikinta ke nan. Ƙananan MiFi ba su da wannan tsari. Idan rautar tana da Guest Network, a kunna shi a sa baƙi a can.