Darasi: Yadda bashin katin banki ke haihuwa

Bismillahi. Katin bashi, wanda ya yawaita a Amurka da Turai, yana ba mutum damar saye yau ya biya gobe. Idan wata ya ƙare bai biya duka ba, banki ya ɗora ruwa. Wata mai zuwa ruwan ya shige cikin uwar kuɗi, shi ma ya haifi nasa. Misali, bashin jikka 100 da ruwa kashi 2 cikin ɗari kowane wata: in ba a biya komi ba, a shekara guda ya kusa jikka 127, a shekara 3 ya wuce 200. Ƙari saboda jinkiri shi ne ribar jahiliyya wadda Suratul Baƙara ta haramta. Muridin da karatu ko fatauci ya kai shi can ya kiyaye. Allah Ya tsare mu da nauyin bashi, amin.