Matsalolin Wuta da Kuloci a Tsohon Babur na Hanyar Karkara

Akwai nau'in babur da aka ƙera domin hanyar da ba ta ga kwalta ba, wanda ake shaida shi da tsayinsa, da tayoyinsa masu manyan haƙora, da faɗin tazarar da ke tsakanin cikin injinsa da doron ƙasa. Kamfanin Yamaha na ƙasar Japan ya yi fice a wannan fanni tun da ya fitar da samfurin DT-1 a shekarar 1968, sannan ya biyo da AG100 a 1973 domin manoma da makiyayan Ostireliya, kuma Honda da Suzuki suna da nasu, irin su XL125 da TS185. A ƙasar Hausa an fi ganin waɗannan babura a hannun malaman gona da ma'aikatan rigakafi da ƙungiyoyin agaji, waɗanda aikinsu ke kai su ƙauyukan da mota ba ta shiga da damina. Idan wa'adin aikin ya cika sai a yi gwanjonsu, daga nan su riƙa sauya hannu har su iso ga mutumin da bai san ko rafi nawa suka ratsa ba, balle ya san yawan makanikan da suka taɓa wayoyinsu.

Ƙorafi biyu ne suka fi damun wanda ya sayi irin wannan babur: ko wuta ta riƙa yi masa wasa, ko kuloci ya ƙi yin aikinsa. Abin da aka saba gani a garejin bakin hanya shi ne canza kaya da kirdado, yau a sa sabon koyil, gobe a sa sabon batir, jibi a buɗe inji, alhali a tsohon babur ɓarnar ta fi zama a mahaɗar waya da ta yi tsatsa, ko saitin da ya kauce, ko man da bai dace ba. Saboda haka ƙa'idar gyara ita ce a fara da awo, kuma a bi daga abu mai araha zuwa mai tsada.

Wutar babur ba aba ɗaya ba ce. Akwai sashen da ke ba fulogi tartsatsin da ke kunna fetur a cikin inji, akwai sashen da ke cajin batir, akwai kuma sashen sitata da fitilu da ham, kuma kowanne yana iya lalacewa ba tare da ya shafi ɗan'uwansa ba. A tsakiyar sashe na farko akwai wani ɗan akwati da ake kira CDI, wanda ke tara wuta sannan ya sake ta zuwa koyil a daidai lokacin da fistin ya kusa kaiwa ƙololuwa. Wannan akwati iri biyu ne: wani yana samun wutarsa kai tsaye daga koyil ɗin da ke cikin magneto, wato naɗaɗɗiyar wayar da maganaɗisun inji ke juyawa a kanta, don haka babur mai irinsa yana tashi da kik ko da babu batir sam, wani kuwa daga batir yake sha, kuma da zarar batir ya yi sanyi tartsatsi ya tafi. Wanda bai tantance irin da ke jikin babur ɗinsa ba yana iya ɓata kuɗin batir a kan injin da ba ruwansa da batir wajen tashi, ko ya ɗora akwatin da bai dace ba ya ce sabon kaya ne ya zo a lalace.

Idan babur ya ƙi tashi, ana cire fulogi, a mayar da shi cikin hularsa, a jingina ƙarfensa da jikin inji nesa da ramin da aka ciro shi, domin tururin fetur na iya kamawa, sannan a buga kik ana kallon bakinsa. Tartsatsi mai ƙarfi shuɗi ne, mai rauni kuwa yakan yi ja-ja ko ruwan ɗorawa. A yawancin ƙananan injina tazarar bakin fulogi tana tsakanin milimita 0.6 da 0.7, hular fulogi kuma galibi tana ɗauke da tirjiya ta kimanin om 5,000, kuma ita da kanta takan mutu a riƙa zargin koyil. Idan babu tartsatsi ko kaɗan, abin dubawa na gaba shi ne maɓallin kashe inji da ke kan hannu tare da makunnin ɗan makulli. A babur ɗin da CDI ɗinsa ke sha daga magneto, kashe inji ana yin sa ne ta hanyar haɗa wata waya da ƙarfen jikin babur, don haka ruwa ko laka da suka shiga maɓallin, ko wayar da ta goge ta taɓa ƙarfe a wuyan babur inda ake yawan juyawa, sun isa su hana tashi. Zare wannan waya daga mahaɗarta ba ya cin ko sisi, kuma idan tartsatsi ya dawo an gano mai laifi.

A nan ne launin waya ke yaudarar masu gyara. A baburan Honda koriyar waya ce ke mayar da wuta ta jikin ƙarfe, baƙa mai ratsin fari kuma ita ce ta kashe inji. A Yamaha baƙa ce ke komawa jiki. A Suzuki kuwa baƙa mai ratsin fari ce ke komawa jiki. Rewaya da ya saba da samfuri ɗaya yana iya haɗa waya bisa sabo a wani samfurin ya ƙona abin da yake lafiya, kuma a babur ɗin gwanjo ma sau da yawa an riga an yanke wayoyin asali an yi ƙari da duk launin da aka samu, an murɗa da hannu an naɗe da salatif. Irin wannan ƙari yana aiki da rani, amma jijjiga da danshin damina suna sa shi ya yi kore a ciki. Gyaransa na gaskiya shi ne a warware, a kankare, a liƙe da dalma, a rufe da roba mai kyau.

Akwai kuma matsalar da ba ta bayyana sai inji ya ɗau zafi: babur ya tashi lafiya da safe, ya yi tafiyar minti ashirin, ya mutu, ya ƙi tashi sai ya huce. Wannan alama ta fi nuni ga koyil ɗin da siririyar wayarsa ta tsinke a ciki, tana haɗuwa idan ta yi sanyi tana rabuwa idan ta buɗe da zafi, don haka awon da aka yi masa a sanyi ba hujja ba ne. Dole a auna shi a lokacin da ya mutun. Shi kuwa CDI ba a cika iya auna shi da mita ta yau da kullum ba, shi ya sa ake barin sa a ƙarshe, bayan an wanke kowa, sannan a gwada da wani da aka tabbatar yana aiki.

Sashen caji ya fi sauƙin ganewa, domin ƙaramar mitar awon wuta tana faɗin gaskiyarsa. Batir mai bolt 12 da ya cika yana nuna 12.6 zuwa 12.8 idan inji yana kashe, kuma idan ya sauka ƙasa da 12 ya zube sosai. Idan aka danna sitata bai kamata ya faɗi ƙasa da kimanin bolt 10 ba. Bayan inji ya tashi an ɗan ba shi wuta, ana sa ran ganin 13.5 zuwa 14.5, idan lambar ba ta motsa ba babu caji, idan kuma ta haura 15 to rakitifaya, wato na'urar da ke daidaita wutar magneto ta zama irin wadda batir ke karɓa, ta daina tsare iyaka, kuma ita ce ke ƙona kwan fitila tana busar da ruwan batir. Tsofaffin samfura da dama na bolt 6 ne, sai a raba waɗannan alƙaluma biyu. Fis ɗin da aka maye gurbinsa da zaren waya, kamar yadda ake yawan samu, ya kamata a cire shi nan take, domin fis da ke ƙonewa yana shaida cewa wata waya tana taɓa ƙarfe, kuma hana shi ƙonewa mayar da gobarar ne kan sauran wayoyin.

Kulocin waɗannan babura jerin faifai ne da ke cikin mai, ɗaya mai shafi mai kamu ɗaya na zallan ƙarfe, a jere a cikin wani kwando, sifirin-sifirin suna matse su. Jan hannun kuloci yana sassauta matsin domin inji ya rabu da giya. Lalacewarsa fuska biyu ce masu kishiyantar juna. Ta farko santsi: a giya ta sama, a ƙaramin gudu, idan aka buɗe totur sai kukan inji ya tashi amma gudu bai ƙaru ba. Ta biyu riƙewa: an ja hannu har ƙarshe amma babur yana neman tafiya, giya tana shiga da ƙara, kuma samun firi yana wuya idan inji yana aiki alhali yana da sauƙi idan an kashe.

Kafin a kwance ko noti ɗaya, sai a duba sakin da ke hannun kuloci, wato ɗan motsin banza da yake yi kafin ya fara jan waya. A baburan Honda da yawa ana son milimita 10 zuwa 20 a ƙarshen hannun. Idan babu wannan saki, wayar tana jan kulocin a kullum, sai ya yi santsi ya ci kansa. Idan sakin ya yi yawa, faifan ba sa rabuwa sosai, sai ya riƙe. Wayar da ƙurar hunturu ta shiga, ko wadda zarenta ya fara tsinkewa, ko aka bi da ita ta lanƙwasa mai tsanani bayan an canza kan babur, tana iya kawo kowace daga cikin alamun biyu.

Sai batun mai, wanda shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. A inji mai bugu huɗu, mai ɗaya ne ke wanke inji da giya da kuloci, kuma man mota na zamani da yawa yana ɗauke da sinadarin rage gogayya domin tsimin fetur, wanda ke sa faifan kuloci sulɓi. Wannan ne ya sa masana'antar Japan ta fitar da ma'aunin JASO na man babur a 1998: wanda aka rubuta wa MA ko MA2 ya dace da kuloci mai jiƙa a mai, MB kuwa na baburan da kulocinsu ba ya cikin mai ne. A inji mai bugu biyu, irin su DT125 da AG100, man giya daban yake da man da ke ƙonewa tare da fetur, kuma man giyar ne masu babur ke mantawa da shi shekara da shekaru. Man da ya koma fari-fari kamar an zuba masa madara ruwa ne ya shige shi, galibi wajen ƙetare rafi, kuma a juye shi ba tare da jinkiri ba. Baƙin mai na awo da ake sayarwa a kwalba a gefen titi ba a san abin da ke cikinsa ba, kuma araharsa ba ta kai kuɗin faifai ba.

Idan saiti da mai sun yi daidai amma matsalar tana nan, sai a buɗe murfin kuloci. A ƙananan injinan Honda sabon faifai mai shafi yana da kaurin kimanin milimita 3, kuma ana yar da shi idan ya sauka zuwa 2.6. Faifan ƙarfe da suka yi shuɗi sun sha zafi, sai a ɗora su a kan gilashi a ga ko sun karkace, domin karkataccen faifai yana jawo riƙewa komai kyan saiti. Sifirin da ya gajarta an gama da shi, kuma kuskure ne a sa sabbin faifai a bar tsofaffin sifirin saboda tsimi. A duba haƙoran kwandon kuma: idan kunnuwan faifai sun sassaƙa musu tsani, faifan za su riƙa maƙalewa, tsani mara zurfi ana iya goge shi da fayil, mai zurfi kuwa sai sabon kwando. Sabbin faifai ana jiƙa su a cikin man da za a yi amfani da shi na wasu awoyi kafin a jera su, a kuma ɗaure kusoshin sifirin a hankali, kishiya da kishiya, domin suna saurin karyewa.

Akwai wurin da matsalolin biyu ke shiga rigar juna. Baburan da ke da sitata galibi suna da ɗan maɓalli a gindin hannun kuloci wanda ke hana sitata juyawa idan babur yana cikin giya ba a ja kuloci ba, wasu kuma suna da wani a jikin ƙafar jingina wanda ke kashe inji idan aka sa giya ƙafar tana ƙasa. Laka tana lalata waɗannan maɓallai da wuri. Idan aka sa giya ta ɗaya babur ya zabura gaba sannan ya mutu, kuloci ne ya riƙe, kuma a babur ɗin da ya daɗe a ajiye wannan yakan zama mannewar faifai ce kawai wadda ke saki idan mai ya ɗumama. Idan kuwa injin ya ɗauke shiru ba tare da zabura ba, kamar an murɗa makulli, to maɓallin ƙafa ne, kuma buɗe inji a kansa asara ce. Haɗa wayoyinsa na ɗan lokaci domin gwaji ya halatta, amma barin sa a haka yana nufin wata rana mai babur zai shiga kwanar hagu da ƙafa a ƙasa.

Ga wanda bai riga ya biya kuɗi ba, ya nemi a nuna masa babur ɗin da sanyin inji, ya taɓa da hannunsa ya tabbatar, domin injin da aka ɗumama kafin zuwansa yana ɓoye raunin batir da mannewar faifai. Sannan ya hau shi na aƙalla minti ashirin, har da hawan tudu a giya ta sama, saboda mutuwar koyil da santsin kuloci sun fi fitowa da zafi. Alƙaluman da aka ambata a sama na gama-gari ne, kuma inda suka saɓa da littafin gyaran samfurin da ke hannu, littafin ake bi.