Ciyar da Iyali Mai Yawa da Kuɗi Kaɗan

Galibinmu in mun gama karatu za a rarraba mu garuruwa, kowa ya zama maigida, ga iyaye, ga ƙanne, ga baƙi, albashi kuwa ba shi ƙaruwa don baki ya ƙaru. Saboda haka ya kamata mu san yadda za a ƙosar da gida ba tare da cin bashi ba, gama da ruwan ciki akan ja na rijiya.

Masana sun kasa abinci kashi uku. Gero da dawa da masara su ke ba da ƙarfin aiki. Nama da kifi da madara da wake da gyaɗa su ke gina jiki. Ganyaye da 'ya'yan itace su ke tsare shi daga cuta. Wanda ya cika ciki da tuwo kaɗai ya ƙoshi, amma jikinsa yana bin sa bashi.

To, nama yana da tsada, sai dai Allah ya yi wa talaka sauƙi. Akwai wani abin gina jiki da ya yi ƙaranci a hatsi, alhali yana da yawa a wake. In an haɗa mudu uku na hatsi da ɗaya na wake, sai kowanne ya cike giɓin ɗan'uwansa. Daddawa da ƙuli-ƙuli su ma haka su ke a miya. Kuka da zogale da rama ba su da tsada, wasu ma a bayan gida su ke fitowa. A shanya su a inuwa, don rana tana rage amfaninsu. Manja kuwa yana tsare yara daga dundumi.

Sa'an nan sai lokacin saye. Hatsi ya fi araha da kaka, ya fi tsada da tsakiyar damina, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Mai awo kullum da mudu shi ke biyan ribar kowane ɗan kasuwa. Gara mutum ya daure da kaka ya sayi buhu, ko shi da maƙwabcinsa su haɗa kuɗi su raba. Wake sai ya bushe sarai, a cuɗe shi da toka, ko a ɗure shi a mazubin da iska ba ta shiga, ƙwari ba su sami hanya ba.

Abu na ƙarshe shi ne rabo. Yaro ƙarami cikinsa ƙarami ne, hannunsa ba shi da sauri. In an haɗa shi akushi ɗaya da yayyensa, shi ke tashi da yunwa, tamowa kuwa ta nan ta kan shigo. A ba shi kwanonsa daban, a ƙara masa kunun gyaɗa tsakanin abinci.

Wannan darasi ba na allo kaɗai ba ne. Kowace makaranta aka kai mu, mu shuka zogale da wake a lambunta, yara su gani su kai gida. Allah ya sa mu dace, amin.