Waiwaye Bayan Tuba

Ko ya kamata mai bi ya riƙa tuna rayuwarsa ta dā? Bari mu dubi Manzo Bulus. Kafin ya sadu da Yesu a hanyar Dimashƙu, ya tsananta wa Ikkilisiya, har ya goyi bayan kisan Istifanas. Bai ɓoye wannan tsanani ba, ya faɗa a gaban Sarki Agaribas (Ayyukan Manzanni 26). Tunawar ta ƙara masa godiya da tawali'u. Zakka kuwa da ya waiwaya, ya yi alkawarin mayar wa waɗanda ya cuta ninki huɗu (Luka 19). Mu ɗalibai, in mun waiwaya, mu gode wa Allah, mu gyara abin da zai gyaru, sauran kuwa mu bar wa Almasihu wanda ya gafarta mana.