Darasi a Kan Makarantar Ƙananan Yara ta Katolika

Kowace shekara idan sababbin ɗalibai suka shigo aji ɗaya, mu malamai ba ma cika mako biyu ba tare da mun gane wanda ya iya karatu da wanda hadda kawai ya yi ba. Wannan bambanci ba a sakandare ya faro ba. Tun yaro yana ɗan shekara huɗu ko biyar aka dasa shi. Saboda haka darasinmu na bana a kan makarantar ƙananan yara ne, musamman irin wadda Ikilisiyar Katolika take buɗewa kusa da coci a sababbin unguwannin bayan gari.

Abin da na gani a Jabo

Da na gama kwalejin horon malamai, a ƙasar Jabo ta ƙaramar hukumar Tambuwal na fara koyarwa. Wata rana aka kawo mini ɗan wani ma'aikacin lafiya da aka yi wa canjin wurin aiki daga birni. Yaron ya fito daga wata makarantar kuɗi, yana ƙirga ɗaya zuwa ɗari da Turanci ba gargada. Sai na ce ya fita waje ya kawo mini tsakuwa bakwai. Ya dawo da hannu cike, bai san ko nawa ba ne. A ajin nan kuma akwai wata yarinya mai tallar ƙuli-ƙuli, ba ta jin Turanci ko kaɗan, amma ba a taɓa cutarta wajen canji ba. Ranar na gane cewa baki yana iya riƙe abin da kai bai karɓa ba.

Taƙaitaccen tarihi

A shekarar 1948 Sistocin St. Louis suka iso Kano suka buɗe makaranta. A 1953 fadar Paparoma ta ware ƙasar Sakkwato ta zama yankin mishan mai zaman kansa, ta danƙa shi ga Fadocin Dominikan daga Amurka. Sistocin Dominikan daga jihar Kansas suka biyo baya, suka sauka Gusau a 1956, suka kama aikin jinya da koyarwa. A 1964 yankin ya zama dayosis, Edward Lawton ya zama bishop na farko. Bayansa aka yi Michael Dempsey, sai Kevin Aje, sai Matthew Hassan Kukah a 2011.

Bayan yaƙin basasa, cikin shekarun 1970, gwamnatocin jihohi da dama suka karɓe makarantun mishan, a 1976 kuma aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa. Daga baya, da aka sake ba masu zaman kansu dama, ikilisiyoyi suka koma buɗe makarantun nazare da firamare. Amma wannan karon babu tallafin gwamnati. Da kuɗin iyaye ake biyan malami, ake sayen alli, ake gyara rufi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ma'auni uku

Yaya za mu gane makaranta mai kyau? Ba da kyan rigar makaranta ba, ba kuma da fentin bango ba.

Na farko, hannun yaro ya taɓa abin da ake koya masa. A 1907 wata likita 'yar Italiya, Maria Montessori, ta buɗe gidan yara a wata unguwar talakawa a birnin Roma. Ta lura cewa ƙaramin yaro da hannu yake koyo: ya ɗauka, ya jera, ya zuba, ya kwatanta. Yau makarantu da yawa suna rubuta sunanta a allon ƙofa, amma ka shiga aji ka tarar da yara suna maimaita abin da malama ta faɗa tun safe. Alhali kuwa 'ya'yan tsamiya, da marafan kwalba, da karan dawa, duk kayan lissafi ne, kuma ba a sayen su.

Na biyu, a yi wa yaro bayani da harshen da yake ji. Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa suka yi gwaji a Ile-Ife, suka koyar da yara da Yarabanci har shekara shida na firamare, Turanci kuma a matsayin darasi. Yaran ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin ma. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara da harshen gida. A 2022 aka tsawaita wannan zuwa aji shida, a 2025 kuma gwamnatin tarayya ta soke, ta koma Turanci. Dole makaranta ta bi doka, amma babu dokar da ta hana malama ta sunkuya ta ce wa yaro, "Ka gane? To, faɗa mini da Hausa."

Na uku, malami ya san kowane yaro da sunansa da halinsa. Manufar ilimi ta 2004 ta ƙayyade yara 25 ga malami ɗaya a ajin nazare. Idan suka kai sittin, ba koyarwa ake yi ba, kiwo ne.

Batun kuɗi

Yanzu mu koma kan kuɗin makaranta. A 1965 babban taron Vatikan na Biyu ya fitar da takarda a kan ilimin Kirista. Ta nuna cewa iyaye su ne malamai na farko, ta kuma roƙi ikilisiya ta kula da matalauta musamman. Ga tambaya gare mu: idan ɗan mai gadin coci ba zai iya shiga makarantar cocin ba, wa muka gina wa? A Markus sura 10, almajirai ne suka tsaya tsakanin yara da Yesu, kuma bai ji daɗin haka ba. Kada takardar kuɗi ta yi aikin da almajiran nan suka yi. Zumuntar mata ko ƙungiyar maza za ta iya ɗaukar nauyin yaro ɗaya ko biyu kowane zango. Haka kuma idan maƙwabtanmu Musulmi suka ba mu amanar 'ya'yansu, mu riƙe ta da gaskiya, mu girmama addinin gidansu.

Aikinku, ɗalibai

A Jabo na ga yadda a makarantar allo babban almajiri yake biya wa ƙarami karatu. Wannan hali abin koyi ne. Idan kun tafi hutu, ku zauna da ƙannenku ko da rabin awa ne kowace yamma. Ku ƙirga wake tare, ku yi musu tatsuniya, ku sa su maimaita da bakinsu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tambayoyi

1. A wace shekara Sakkwato ta zama dayosis, wane ne kuma bishop na farko?
2. Mene ne bambancin hadda da fahimta? Kawo misali daga gidanku.
3. Me ikilisiyarku za ta iya yi wa yaron da iyayensa ba su da kuɗin makaranta?

Allah ya raya mana yaranmu, ya ba malamansu haƙuri. Amin.