Darasin Tarihi: Tanzaniya, Ƙasar da Harshen Fatake Ya Haɗa Kanta

Darasinmu na wannan wata zai ɗauke mu daga bakin gulbin Rima zuwa bakin Tekun Indiya, can gabashin Afirka. Ƙasar da za mu duba ita ce Tanzaniya. Ta ɗan fi Nijeriya faɗi, amma jama'arta ba su kai sulusin tamu ba. Ƙidayar da aka yi a 2022 ta sami mutum miliyan 61 da dubu 700. Ƙabilun ƙasar sun haura 120, kowace da harshenta. Duk da haka, in mutumin arewacin ƙasar ya gamu da na kudu a kasuwa ko a asibiti, ba su neman tafinta. Harshe ɗaya suke yi, shi ne Suwahili. Ana kuma jin sa a Kenya da Yuganda da Ruwanda da Burundi da gabashin Kwango. To, yaya aka yi harshen mutanen bakin teku ya zama na kowa?

Harshen bakin gaɓa

Suwahili harshen Afirka ne, dangin harsunan Bantu. Sunan ne ya fito daga Larabci, daga kalmar "sawahil", wato gaɓar teku. Yadda Sahara ta zame wa kakanninmu hanyar fatauci, haka teku ta zame wa mutanen can. Mu raƙuma ke kawo mana kaya daga arewa, su kuwa jiragen ruwa na katako masu tafiya da iska. Iskar nan tana da lokacinta. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris tana turo jirage daga ƙasashen Larabawa da Farisa da Indiya. Daga Afrilu sai ta juya ta mayar da su gida. Saboda haka falke in ya sauka, tilas ya zauna wata da watanni yana jiran iska. A wannan zama aka yi ciniki, aka yi auratayya, aka gina masallatai. Musulunci ya kafu a garuruwan gaɓa fiye da shekara dubu da suka wuce.

Wannan ne ya sa Bahaushe zai tsinci kalmominsa a bakin mutumin Zanzibar. Mu ce alƙalami, su ce kalamu. Mu ce labari, su ce habari. Sabulu shi ne sabuni, haɗari shi ne hatari, asuba ita ce asubuhi. A ƙirge, ashirin da arba'in da hamsin su ne ishirini da arobaini da hamsini. Malami kuwa mwalimu suke ce masa, kuma a riƙe wannan kalma, za mu sake gamuwa da ita. Ba mu muka ara daga gare su ba, ba su suka ara daga gare mu ba. Rijiya ɗaya muka ɗiba, wato Larabci. Su ma da ajami suka fara rubuta waƙoƙinsu, kamar yadda Nana Asma'u ta rubuta nata.

Babban birnin gaɓar a da shi ne Kilwa, wanda ya yi arziki da cinikin zinariyar da ake kawowa daga ƙasar Zimbabuwe ta yanzu. Matafiyin nan Ibn Baɗuɗa ya sauka a Kilwa a 1331, ya yaba kyan ginin garin. Shi ne kuma daga baya ya zo Mali da Takadda, har ya ambaci Gobir a labarin tafiyarsa. Turawan Fotugal sun washe Kilwa a 1505. A 1698 Larabawan Oman suka ƙwace ganuwar Mombasa daga hannunsu.

Ga abin da zai taimaka mana mu riƙe lokaci. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a Wurno a 1837. Kimanin shekara uku bayan haka, Sarkin Oman Sayyid Sa'id ya mayar da fadarsa tsibirin Zanzibar. Ya bunƙasa noman kanumfari, bayi ne kuwa ke aikin gonakin. Ayarin fatake suka riƙa tashi daga Bagamoyo, su yi zango a Tabora, su kai Ujiji a bakin Tafkin Tanganyika, har su ƙetare zuwa Kwango. Ƙudan tsando na kashe dabbobin kaya, don haka a kai ake ɗaukar komai. Abin da ake kawowa gaɓa shi ne hauren giwa da bayi. Ta wannan hanya mai ɗaci Suwahili ya shiga cikin ƙasa, daga zango zuwa zango. Sai a 1873 aka rufe kasuwar bayi ta Zanzibar.

Zamanin Turawa

Jamusawa suka fara kama ƙasar a 1885. Suka tilasta wa talakawa noman auduga a gonakin hukuma, ladan bai taka kara ya karya ba. A 1905 mutanen kudu suka fara tumɓuke audugar, yaƙi ya tashi. Wani boka mai suna Kinjikitile ya ba su ruwan tsari, ya ce harsashi zai koma ruwa. Ruwa a Suwahili shi ne maji, shi ya sa ake kiran yaƙin Maji Maji. Harsashi bai koma ruwa ba. Jamusawa suka ƙone gonaki da rumbuna, yunwa ta kashe fiye da waɗanda bindiga ta kashe. Mafi ƙarancin ƙiyasi shi ne mutum dubu 75, wasu masana na cewa sun kai dubu 300. Ana cikin wannan yaƙi ne aka yi na Satiru a nan kusa da Sakkwato, a 1906.

Mutanenmu ma sun taka wannan ƙasa. A Yaƙin Duniya na Ɗaya Ingila ta kwashi sojojin Nijeriya, da yawansu Hausawa, ta kai su Darussalam a ƙarshen 1916 don su yaƙi Jamusawa. Da dama sun kwanta dama a Mahiwa a watan Oktoba na 1917. Bayan yaƙin ƙasar ta koma hannun Ingila da sunan Tanganyika.

Jamusawa da Ingilishi duka da Suwahili suka gudanar da ƙananan makarantu da ayyukan hukuma, domin shi suka tarar ana ji. A 1930 aka kafa kwamitin daidaita rubutunsa da baƙaƙen boko, aka ɗauki karin harshen Zanzibar ya zama na littafi. Mu Sakkwatawa mun san wannan hali: a gida muna Sakkwatanci, a takarda muna karanta Hausar Kano. Gidan rediyon BBC ya buɗe sashen Hausa da na Suwahili a shekara ɗaya, 1957.

Mwalimu

Julius Nyerere malamin makaranta ne, an haife shi a 1922 a ƙauyen Butiama, cikin wata ƙaramar ƙabila mai suna Zanaki. Sardauna Ahmadu Bello, ɗan Rabah, shi ma da allo da alli ya fara. Nyerere ya kafa jam'iyyar TANU a 1954, ya zaga ƙasar yana yi wa jama'a magana da Suwahili, ba ruwansa da tafinta. Tanganyika ta sami mulkin kai ranar 9 ga Disamba, 1961. A Janairu 1964 aka yi juyin juya hali a Zanzibar, aka kori sarki, aka kashe dubban mutane, galibi Larabawa da Indiyawa. A watan ne kuma sojojin Tanganyika suka yi bore, har daga baya Nijeriya ta aika da bataliya ɗaya don ta riƙe tsaro. Ranar 26 ga Afrilu, 1964, ƙasashen biyu suka haɗe. Aka ɗauki Tan da Zan aka yi Tanzaniya. Kada mu ɓoye, dangantakarmu da su ta yi tsami a 1968, lokacin da Tanzaniya ta zama ƙasa ta farko da ta amince da Biyafara.

Nyerere ya soke ikon sarakunan gargajiya a 1963. Ya sa Suwahili ya zama harshen majalisa da ofis da makarantar firamare. Abin da ya sauƙaƙa masa shi ne, babbar ƙabilar ƙasar, Sukuma, ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na jama'a ba, kuma Suwahili ba harshenta ba ne. Ba wanda ya ji an ɗora masa harshen abokin hamayyarsa.

A 1970 ya ayyana shekarar ilmin manya. Malaman firamare suka riƙa koyar da yara da safe, iyayensu da yamma. Littattafan ba na tatsuniya ba ne. A yankin Mwanza mai noman auduga ya koyi baƙi da wasali a littafin auduga, masunci a littafin su, mai shanu a littafin kiwo. Aka buɗe jaridun karkara don kada wanda ya koya ya manta. A 1973 aka yi gangamin lafiya ta rediyo. Mutane kimanin miliyan biyu suka riƙa zama ƙungiya ƙungiya suna saurare, su tattauna, su tashi su haƙa masai. Bisa alƙaluman gwamnati, manyan da ba su iya karatu ba sun kusa kashi 70 cikin ɗari a 1967, amma a 1986 sun koma kimanin kashi 10. Ko da an ce gwamnati ta ɗan yi wa kanta kwalliya a lissafin, aikin babba ne. Bayan haka kuɗi suka yi ƙaranci, ajujuwa suka watse, adadin ya sake hawa.

Ƙauyukan dole

Akwai wani aikin da bai yi kyan ƙarshe ba. A 1967, a garin Arusha, Nyerere ya bayyana manufar Ujamaa, wato zaman 'yan'uwantaka. Yawancin manoman ƙasar a warwatse suke zaune, kowa a tsakiyar gonarsa. Ya ce a taru a ƙauyuka, a yi noman gandu na haɗin gwiwa, don gwamnati ta iya kawo makaranta da rijiya da asibiti wuri ɗaya.

Tunanin ba baƙo ba ne a wurinmu. Wurno kanta ribaɗi ce da Muhammadu Bello ya kafa, kuma ya riƙa jan hankalin Fulani makiyaya su zauna wuri ɗaya, 'ya'yansu su yi karatu, su koyi sana'a. Ya kuma zaɓi wuri mai fadama, wadda har yau ake noman shinkafa da albasa da tafarnuwa a cikinta.

A Tanzaniya jama'a suka yi sanyin jiki, sai a 1973 gwamnati ta ce tashi dole ne. Aka zo da manyan motoci da 'yan banga. A wasu wurare an rushe bukkoki ko an ƙone su don kada masu su su koma. Ma'aikaci daga birni ya duba takarda ya jera gidaje a bakin hanya, bai tambayi tsofaffi ina ruwa yake kwanciya ba, ina jigawa, ina laka. Kafin 1977 ana lissafa mutum miliyan 13 a ƙauyuka kusan dubu takwas. Mutumin Goronyo da ambaliyar 2010 ta tasa, ko na Rabah da 'yan bindiga suka kora zuwa Gandi a 2018, ba ya bukatar a gaya masa abin da rabuwa da gonar gado ke yi wa gida. Tashin ya haɗu da fari, amfanin gona ya faɗi, ƙasar ta koma sayen hatsi daga waje a 1974 da 1975. Makarantu da asibitoci dai sun ƙaru a ƙauyukan, wannan gaskiya ne. Amma gandun haɗin gwiwa bai ciyar da kowa ba. Yaƙin da aka yi da Idi Amin na Yuganda a 1978 da 1979 ya ƙarasa cinye baitulmali.

Nyerere ya sauka da kansa a 1985. Magajinsa Ali Hassan Mwinyi ya karɓi sharuɗɗan Asusun Lamuni na Duniya a 1986, shekarar da mu ma aka kawo mana tsarin tsuke bakin aljihu. An halatta jam'iyyu da yawa a 1992. Mwalimu ya rasu a 1999.

Bayan Mwalimu

Musulmi da Kirista duka suna da yawa a ƙasar, kuma tun bayan 1967 ƙidaya ba ta tambayar addini. Ba doka ba ce, amma shugabanci ya riƙa zagayawa tsakaninsu: Nyerere, Mwinyi, Mkapa, Kikwete, Magufuli, sai Samia Suluhu Hassan, 'yar Zanzibar, wadda ta hau a 2021 bayan rasuwar Magufuli. Jam'iyyar CCM, magajiyar TANU, ba ta taɓa barin mulki ba. A zaɓen Oktoba 2025 an hana manyan 'yan hamayya tsayawa, aka yi zanga-zanga, jami'an tsaro suka kashe mutane da dama. Harshen ma da sauran aiki. Yaro na gama firamare da Suwahili, in ya shiga sakandare sai a juya masa komai zuwa Turanci, da yawa nan suke tuntuɓe. A 2021 hukumar UNESCO ta ware 7 ga Yuli ta zama ranar Suwahili ta duniya.

Malaman aji su nemi taswirar Afirka, ɗalibai su nuna Zanzibar da Tabora da Tafkin Tanganyika. Sannan kowane aji ya tattauna: in za a rubuta wa manoman Wurno da Rabah da Goronyo littafin koyon karatu irin na Mwanza, wace sana'a ya kamata a fara da ita, kuma waɗanne kalmomi goma za a sa a shafin farko?