Sharar da Ba Ta Wari

Idan aka ce shara, juji muke tunawa: leda, toka, ɓawon rake da ake bari bayan an tashi kasuwar Talata Mafara. Wannan hanci na jin ta, ido na ganin ta. Amma akwai wadda masana ke kira shara mai guba. Sau da yawa ba ta wari, kuma ita ta fi kisa.

Maƙwabtanmu sun ga haka. A watan Maris 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka tarar yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma. Ashe duwatsun da ake haƙowa don neman zinariya suna cike da dalma. Ana kawo su cikin gida, a daka a turmi, a niƙa a inji, ƙurar ta kwanta a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Yara aƙalla 400 suka rasu.

Awo ne ya nuna girman abin. Masu bincike, har da na Jami'ar Idaho ta Amurka, tare da ma'aikatan muhalli na jiharmu, sun bi gida gida suna gwada ƙasa. A lokacin, Amurka ba ta yarda dalma ta wuce kashi 400 cikin miliyan a inda yara ke wasa ba. A wasu wurare sun sami fiye da 100,000. Ɗalibai, ku raba da kanku ku gani.

Sun kuma gane cewa ba amfani a ba yaro magani ya koma gidan da ya kwaso gubar. Don haka aka fara da kankare saman ƙasa, a binne ta cikin rami nesa da gari, a shimfiɗa sabuwa. Garin Bagega sai a 2013 aka yi masa.

Mu da ke noman rani da ruwan Bakolori, daga Maradun zuwa Bakura, muna da tamu. Galan ɗin maganin feshi, nawa muka ɗauraye muka zuba ruwan sha? Tsohon batirin mota kuwa, dalmar nan ce a cikinsa. Wuta ba ta cinye ta. In an jefa shi juji an cinna wuta, wata ta bi hayaƙi, saura ta zauna cikin toka, tokar da muke kwasa a jaki mu kai gona a matsayin taki.